Gada a Wutsiyar Zance

Shekara ashirin da biyu ina zama a ƙaramin teburin nan da ke ƙasan kujerar Kakakin majalisa, ina rubuta abin da manya ke faɗa. Aikinmu ke nan. Duk kalmar da ta fito daga bakin ɗan majalisa a cikin zaure, mu ne muke cafke ta da rubutun gaggawa, mu sauka ofis mu buga, washegari ta fito a kundin muhawara. Mu takwas ne a sashen, bi da bi muke shiga, kowa minti goma. In lokacinka ya cika, mai karɓarka zai zo ya ƙwanƙwasa teburin da biro sau biyu, ka tashi ya zauna. Doka ɗaya ce tal da ake koya wa sabon shiga tun ranar farko: ba a tashi a tsakiyar jimla. Wanda ya kama kanta shi zai kai ta ƙarshe, mai karɓa ya fara daga ta gaba.

Dokar nan ba ta damun kowa sai ranar Laraba, ranar da Firayim Minista ke zuwa amsa tambayoyin 'yan majalisa. A ofis Dogon Zance muke ce masa. Mutumin kirki ne wallahi, ga fara'a, har masu shara yake tsayawa ya gaisar. Amma fa in ya buɗe baki, sai dai ka gyara zama. Zai fara da "Ya mai girma Kakaki," ya bi ta kan noman bara, ya leƙa asibitoci, ya tsokani 'yan adawa, ya tuno wata nasiha da malaminsa na firamare ya yi masa, duk bai sauke numfashi ba. Ga wata ɗabi'a kuma: in zancen ya yi masa daɗi, sai ya juya wa makirfo baya, ya zura hannu ɗaya a aljihu, ya tako wajen wanda ya yi tambayar. Masu ɗaukar murya sun kai ƙara har sun gaji sun zuba masa ido.

Sai kuma Baba Gada. Dattijo ne mai wakiltar wata mazaɓa can bayan kogi, kujerarsa a layin ƙarshe, kunnensa ɗaya ya daina aiki. Shekara tara tambayarsa ɗaya ce: yaushe za a yi musu gada? Yaransu a kwalekwale suke tsallakawa makaranta, in ruwa ya cika sai su yi wata biyu a gida. Da ya miƙe, zauren kan ɗauka tare da shi, "Yaushe za a yi mana gada?" a kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi ya zauna da amsar da ya saba samu, wato ana dubawa. A farkon zangon nan ya sanar ba zai sake tsayawa takara ba, gwiwoyi sun ƙi.

Ran Larabar da nake ba ku labari, nawa lokacin daga uku da minti ashirin ne zuwa uku da rabi. Saura minti ɗaya in tashi Kakaki ya kira Baba Gada. Aka yi amshin da aka saba. Dogon Zance ya miƙe ya gyara gilashi, ya ce, "Ya mai girma Kakaki," ni kuwa na ce a raina, na shiga uku. Malam Agogo, abokin aikina da ke karɓata, ya riga ya iso. Shi mutum ne da ko atishawa sai ya duba agogo kafin ya yi. Ya ƙwanƙwasa teburin sau biyu. Na harare shi na ci gaba da rubutu, don jimlar ba ta ma fita daga gaisuwa ba.

Ta bi ta kan hanyoyin da gwamnati ta shimfiɗa, ta shiga tsadar siminti, ta faɗa kan wani jirgin ruwa da ya taɓa hawa yana yaro ya yi ta amai. 'Yan adawa suka fara buga benci suna ihu, "Amsa! Amsa!" Na gwamnati suka rama. Kakaki yana ta buga gudumarsa, ba mai jin sa. A cikin wannan hargowar Dogon Zance ya juya wa makirfo baya, ya zura hannu a aljihu, ya tako taku biyu ya fuskanci layin ƙarshe. Taku biyun nan suka kawo shi daidai gefen teburina, har ina jin ƙamshin turarensa. Nan ya sauke jimlar, da murya ƙasa-ƙasa:

"...kuma tunda dattijon nan zai bar mu bai gaji da tambaya ba, ni kuwa na gaji da cewa ana dubawa, ina shaida masa cewa kafin damina mai zuwa za a kafa ginshiƙin farko na gadar nan."

Ya koma ya zauna. Baba Gada ya kara hannu a kunne, ya girgiza kai, bai ji komai ba. Malam Agogo idonsa na kan agogo, ya raɗa mini, "Minti uku da daƙiƙa arba'in kika ci mini." Na tattara littafina na sauka.

To ga inda gizo ke saƙa. A majalisarmu duk alkawarin da ya shiga kundi, akwai kwamitin da ke ɗauke shi ya bi diddigi, ya riƙa kiran minista kowane wata har sai an cika. Shi ya sa manya ba su wuce "ana dubawa." Na buga jimlar kamar yadda na ji ta, aka aika kwafi ofishin Firayim Minista don su duba, kamar kullum. An yarda mutum ya gyara suɓutar baki, ya ce shekara kaza yake nufi ba kaza ba. Ba a yarda ya sauya abin da ya faɗa ba.

Ko awa ba a yi ba sai ga sakatarensa ya sauko, wanda muke kira Mai Jaka saboda jakar fatar da ko banɗaki ba ya shiga sai da ita. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sha mur.

"Wa ya ɗauki uku da rabi?"

"Ni ce," na ce.

"Hajiya, akwai ɗan gyara. Wannan layin na ƙarshe, mai girma bai faɗa ba. Ba ya cikin takardar da muka shirya masa."

"Yallaɓai, rabin abin da yake faɗa ba ya cikin takardar da kuke shirya masa. Ku kuka rubuta masa aman jirgin ruwa?"

Editanmu ya yi sauri ya shiga tsakani. Ƙanin bayana ne a shekaru, Yaya yake ce mini, mutum ne mai gudun rigima kamar me. Ya sa aka kunna rikoda. Aka ji gaisuwa, aka ji siminti, aka ji jirgin ruwa, daga nan sai bugun benci da gudumar Kakaki har ƙarshe. Aka tambayi Malam Agogo, ya ce shi tsakaninsa da Allah ya san lokacin da bakin ya daina motsi, amma abin da ya fito bai ji ba.

Mai Jaka ya yi murmushin mugunta. Ya ce wanda duk ya sa wa shugaban gwamnati magana a baki bai dace da zama a zaure ba, akwai gurbi a sito wajen tsofaffin takardu. Da ya fita Edita ya jawo kujera kusa da ni.

"Yaya, don Allah ki rufa mana asiri. Gobe ƙarfe goma za a kai wa maɗaba'a. Layi ɗaya ne. In kin ƙi, wallahi ba ni da ƙarfin da zan hana su mayar da ke sito."

Ba zan ɓoye muku ba, hankalina ya tashi. Ina son teburin nan. Ina son ƙarar ƙofar zaure in an buɗe ta, ina son yadda biro ke gudu a hannuna kafin kaina ya gama fahimta. Sito kuwa na san shi, ɗaki ne ba taga, ƙura da kyankyaso, ga asma tana jirana.

Da yamma na tarar da baban yara a tsakar gida yana wanke motar da yake koyar da tuƙi da ita. Na zayyana masa komai, har da kwaikwayon tafiyar Mai Jaka. Ya matse soso ya dube ni.

"Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji mana!"

"To mene ne na ɗaga hankali? Ke da har yau kike karanto mini abin da na faɗa ranar da na je gaishe da iyayenki, har da inda na yi tari? Ni na ce zan saya miki firji shekara goma sha tara da suka wuce, kin bar ni na huta? Shi ma ya ɗanɗana."

Na ɗauki soson na jefe shi da shi. Amma dariyar da na yi ta sauke mini rabin nauyin.

Washegari ƙarfe tara na safe na gaya wa Edita layin yana nan. Mai Jaka ya ce to madalla, sai in zo in maimaita a gaban mai maganar. Ya zaci zan tsorata. Na tsorata ɗin, amma na rungume littafina na bi shi.

Muka tarar da Dogon Zance a ofishinsa na majalisa yana shan shayi, ya tuɓe takalma a ƙarƙashin tebur, safarsa ɗaya ta huje a babban yatsa. Ya saurari Mai Jaka, sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya, ni na ce haka? Wallahi ban tuna ba. Hayaniyar jiya ta ruɗa ni."

"Ranka ya daɗe, in ka ba ni izini in karanto maka."

"Layin?"

"Jimlar, ranka ya daɗe. Daga kanta."

Na buɗe littafi na fara. Ban yi niyya ba, Allah shaida, amma shekara shida ina rubuta mutum, muryarsa ta zauna mini a maƙogwaro. Na ja "Kakaaaki" yadda yake ja. Na yi gyaran muryarsa daidai wajen siminti. Da na iso jirgin ruwa sai na ga ashe na zura hannu ɗaya a aljihun rigata. Ya fara dariya tun daga hanyoyi, kafin in kai amai ya ajiye kofi yana tari yana share hawaye. Na sauke muryata ƙasa-ƙasa na karanta wutsiyar.

"Wannan tawa ce," ya ce. "Duk ƙasar nan babu mai iya ƙulla wannan doguwar igiya sai ni."

Mai Jaka ya matso. "Ranka ya daɗe, farkon naka ne, ba musu. Ƙarshen ne ba shi a rikoda. Kuma ma lokacinta ya ƙare tun uku da rabi, bai kamata a ce tana wurin ba."

Dogon Zance ya dube ni ta saman gilashi. "Haka ne? Me ya zaunar da ke?"

Na gaya masa dokarmu, cewa ba a tashi a tsakiyar jimla, wanda ya kama kanta shi ke kai ta ƙarshe, ko da mai karɓa yana tsaye yana huci.

"Ko jimlar tawa ce?"

"Musamman taka, ranka ya daɗe. Yatsuna sun san ka."

Ya juya cokali a kofi. Can ya ce, "Yanzu na tuna fuskarsa. Ya kara hannu a kunne." Ya juya ga Mai Jaka. "Baiwar Allah ta zauna ta kai maganata ƙarshe, ni da na fara ta in tashi a tsakiya? Magana zarar bunu ce. A bar layin. Ka kira mini ministan ayyuka, ka ce ya zo da takardun kogin nan." Sai ya nuna ni da cokali. "Ke kuma kada in ji kin yi wannan kwaikwayon a gaban 'yan adawa."

Na sauko matakala bibbiyu kamar yarinya. Edita ya aika kundi maɗaba'a saura minti shida goma ta cika, Malam Agogo ne ya ƙirga.

Laraba ta zagayo, aka sake ba ni uku da minti ashirin. Wajen ƙarshen lokacina Kakaki ya kira Baba Gada. Zaure ya ja numfashi zai ɗauki amshi, sai dattijon ya ɗaga kundin makon jiya sama.

"Ya mai girma Kakaki, yau ba ni da tambaya. Jikata ta karanta mini shafi na arba'in da ɗaya sau uku, a kunnen da ke ji. Na gode wa mai girma Firayim Minista. Shi kuma kunnen da ya ji mini abin da nawa bai ji ba, ban san na wane ne ba, Allah ya yi masa albarka."

Da hannuna na rubuta wannan, kalma bayan kalma, hawaye na ɗiga a kan takardar ina kare shi da gefen mayafi. Daɗi ya cika ni har wuya. Aka tafa daga ɓangarorin biyu.

Sai Dogon Zance ya miƙe zai amsa tambayar da ba a yi ba. Ya gyara gilashi ya ce, "Ya mai girma Kakaki." Malam Agogo ya ƙwanƙwasa teburin sau biyu. Na juya sabon shafi, na ce masa ya nemi wuri ya jingina.