Tawul Mai Ɗumi

Namiji mai ilimi ba ya buƙatar kowa ya kula da shi. Yayana ne ya gano wannan gaskiya, kuma ya daɗe yana rabar da ita kyauta ga duk wanda ya zauna kusa da shi. Ya faɗe ta ranar aurensa, ya maimaita bayan rasuwar matarsa, lokacin da 'yarsa tilo take ninke masa wanki a gabansa.

Aikinsa gyaran rubutu a wata maɗaba'a. Yana zama a ɗan lungu tsakanin injin yanka takarda da fanka mai hura masa iska a fuska, ya ƙura wa kwamfuta ido yana farautar waƙafi har ya manta da ƙiftawa. Bayan rasuwar, idanunsa suka koma kamar an watsa musu yashi. Su yi ja, su yi zafi, ruwa ya riƙa tsiyaya. Abokan aiki suka ɗauka kuka yake, suka riƙa ba shi haƙuri, abin da ya fi ciwon ɓata masa rai. Sai da kuskure ya wuce shi a bangon wani littafi sannan ya yarda muka je asibiti, wai rakiya ya yi mini.

Likitar ta ɗora haɓarsa a kan na'ura, ta matsa gefen fatar idonsa. Ta ce a gindin gashin ido akwai ƙananan kafofi masu fitar da maiƙon da ke hana hawaye bushewa da wuri. Nasa sun toshe, maiƙon ya daskare kamar man goge baki. Wasu ma sun mutu, kuma waɗanda suka mutu ba sa dawowa. Ta ba shi maganin ɗigawa, amma ta ce babban maganin tawul ne mai ɗumi kullum, ido a rufe, a sake ɗumama shi da zarar ya huce, sannan a tausa fatar, a goge gefenta. Ta tambaya ko ya taɓa yin haka.

Ya ce bai taɓa ba. Sai dai marigayiya takan ɗora masa tawul mai zafi a fuska in ya dawo daga aiki, irin rigimar mata dai.

"Tun yaushe take yi?" in ji likitar.

Ya juya yana karanta wata sanarwa a bango, ya nuna mini inda suka manta aya.

A gida ya ce shi zai yi da kansa. Ranar farko ya ƙona fatar idonsa da tafasasshen ruwa. Daga nan ya kawo wa ilimin likitanci gyara: ido ɗaya a rufe, ɗayan yana karanta aikin gobe, tawul ya yi sanyi ƙalau a hannunsa. Da muka koma, likita ta ce an ƙara asarar wasu kafofin.

A lokacin 'yar ta samu aiki a wani gari mai nisa, wanda ta yi shekaru tana nema. Akwatinta na bayan ƙofa, ta gama haɗa kaya.

"Baffa, in na tafi wa zai yi masa?"

Na ce ta tambaye shi. Ta tambaya a gabana. Ya ce ta tafi abinta, shi ba jariri ba ne, yana faɗa yana laluben kwalbar maganin da ke gaban hancinsa. Na ce ni zan riƙa zuwa. Ya ce ranar da ƙanensa ya shafa masa fuska, to wankan gawa ake yi masa.

Da na sake leƙawa, babu akwati a bayan ƙofa. Yana kwance a doguwar kujera, tawul a kan idanunsa biyu. Tana zaune a ƙasa da kwanon ruwan ɗumi, tana gwada zafinsa da bayan hannu. Ta gaya masa wai sun fasa ɗaukarta, sun ba wani.

Daga ƙarƙashin tawul yake yi mata bayani. Da ta kawo masa takardar neman aikin ya duba, da ba a yi haka ba, amma yaran yanzu ba su san neman taimako ba. Wannan abin ma da take yi, ya ƙyale ta ne kawai don kada zaman banza ya dame ta.

"Haka ne, Baba."

Wayarta ta yi haske kusa da kwanon. Daga inda nake tsaye na karanta sunan wurin aikin. Ta kife wayar, ta ɗauke tawul ɗin ta tsoma, ta matse, ta ce kada ya buɗe ido tukuna.