Layin Bakin Raga

Filin ƙwallon garinmu ba abin a-zo-a-gani ba ne: jar ƙasa, raga biyu da na yi wa faci har na gaji, da benci ɗaya mai gurguwar ƙafa. Amma shi kaɗai gare mu, kuma masu tashar mota sun daɗe suna lasar baki a kansa. Sai ga takarda daga hukuma: jami'i zai zo ya kalli wasa ranar Asabar, in filin bai yi masa ba, tasha za ta karɓe shi.

Ni tela ne, ni ke ɗinka wa kulob riguna. Wanda abin ya hana sukuni shi ne Baba Mai Layi. Shekara ashirin yana zana layukan filin da tokar gidan burodi, yana zuba ta daga gwangwani mai huji. Ɗansa ne golanmu, Mage muke ce masa, don ko ta ina ƙwallo ta biyo sai ya yi tsalle ya cafe.

Ita toka ba ta da haske, yayyafi kaɗan ke wanke ta. Ranar Juma'a na ga Baba da baro a bayan shagon walda, yana kwasar farin garin nan da suke zubarwa in sun wanke tukunyar gas.

"Baba, abin nan yana cin hannu fa," in ji mai walda.

"Ƙasa zan ba, ɗana, ba hannu ba."

Ina tsaye, na ji, na yi dariya. Wannan dariyar har yau tana min ciwo.

Da safe fili ya fito tas. Layin bakin raga kuwa sau biyu Baba ya bi shi, ya yi masa kauri, don wurin ɗansa ne. Jami'in ya zo da tumbinsa da takardunsa, ya zauna a kujerar da muka aro, yana gyaɗa kai.

Ana tsakiyar wasa aka yi yayyafi, garin ya jiƙe ya zama kunu. Saura minti goma aka ba abokan karawarmu fenareti. Mage ya yi tsalle ya tare, ya faɗi rubda ciki, fuskarsa a kan layi. Fili ya ɗauki sowa. Shi kuwa ya saki ƙwallon, abin da bai taɓa yi ba, ya hau murza ido da safar hannun da ta sha garin. Kafin mu gane, kafin a samo ruwa, aikin gama ya gama.

Likita ya ce idon dama ya tafi, na hagu kuma inuwa kawai zai riƙa gani. Karin maganar nan ta gira da ido, duk surutun mutanen garinmu babu wanda ya iya furta ta.

Bayan mako uku takarda ta iso: an bar mana fili, an kuma yaba da kyan layuka. Baba ya ce in zo gida in karanta masa. Mage na zaune a bakin ƙofa da baƙin tabarau, ya saurara har na kai ƙarshe.

"Baba, ai mun ci," ya ce. "Gobe ka je ka zana, kar su ce mun yi sake."

Washegari Baba ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi gidan burodi ya ɗebo toka, na raka shi fili. Ya zana ko'ina, amma da ya zo bakin raga sai ya tsaya ya miƙo min gwangwanin.