Injin Jera Ƙwallo a Teburin Bahago

Baƙar ƙwallo ta gangara a hankali, ta tsaya a bakin rami kamar mai shawara, sannan ta faɗa. Ɗakin sinukar ya yi tsit. Tela, wanda ya buga ta, ya tsaya riƙe da sanda baki buɗe, sai ka ce wani ne ya jefa ta a madadinsa.

"Na ci?" ya tambaya. "Jama'a, ku gaya mini gaskiya. Ni na cinye Bahago?"

Idanu duk sun koma kan Bahago mai walda, wanda ya yi shekara da shekaru ba a taɓa cinye shi a teburin farko ba. Daga wasu unguwanni ake takowa don a ga yadda yake wasa da hannun hagu. Shi kuwa Tela, kullum sai ya rufe shago ya zo ya sha kashi, ya yi dariya, ya koma. Har an saba ce masa abincin Bahago.

Bahago ya duba kan sandarsa, ya duba tafin hannunsa, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Sai ya ɗaga kai ya dubi abin da ke rataye a saman teburin.

Da safiyar ranar aka kafa shi. Inji ne mai hannun ƙarfe, an ɗaure shi a jikin rufi. In an gama wasa, sai a zuba ƙwallayen a wani kwando da ke gefe, a danna maɓalli. Hannun ya sauko yana ƙugi, ya ajiye su a jere, ya matse su, ya koma sama. Maigida, mai ɗakin sinukar, gwaji ya karɓo shi daga wani kamfani. Da yamma mutanen kamfanin za su dawo, ko su kwance kayansu, ko su kafa irinsa a sauran teburan. In kuwa aka kafa, aikin Yaya ya ƙare.

Yaya wan Bahago ne uwa ɗaya uba ɗaya. Da can direban babbar mota ne, har ranar da hatsari ya bar masa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Bahago ne ya roƙi Maigida ya ɗauke shi. Tun daga lokacin shi ke jera ƙwallaye da katakon nan mai kusurwa uku, shi ke share shimfiɗar tebur da buroshi, shi ke raba alli. Yau yana zaune a kan benci, katakon a cinyarsa, ba wanda ya kira shi tun safe.

Kafin Bahago ya buɗe shagon waldarsa matar Yaya ta tare shi a hanya, goyo a baya. "Kai Maigida ke jin maganarka," ta ce. "In ka ce abin nan bai yi ba, to bai yi ba. Kada ka bari a maido mini da shi gida ya zauna yana kallon bango." Shi ya sa Bahago ya ajiye ƙofar mutane da yake haɗawa ya taho. Ya zo ne ya yi wasa a gaban kowa, ya ci, sannan ya taɓe baki ya ce hannun mutum ya fi. Bai taɓa kawowa a ransa za a cinye shi ba.

"Kun ji ƙarar bugun farkona kuwa?" Tela ya sami bakin magana. "Tun da nake ban taɓa fasa jeri haka ba. Wallahi har na tsorata, na ɗauka teburin na fasa."

"Abin da ɗan kamfanin ya faɗa ke nan," in ji Maigida, yana shafa ciki. "In ƙwallaye suka matsu da juna, ƙarfin bugu ratsa su yake yi gaba ɗaya, su watse, wasu su faɗa rami. In kuwa da 'yar rata a tsakani, ko ta kaurin gashi ce, a nan ƙarfin yake mutuwa. Inji ba ya barin rata."

"Sa'a ce," wani ya ce daga baya. "Tela, je ka sha ruwa, kada hawan jini ya kama ka."

"A sake," in ji Bahago.

Aka sake. Dokar ɗakin ita ce bugun farko karɓa-karɓa ake yi, don haka wannan karon na Bahago ne. Ya fasa jerin kamar yadda ya saba, ya ci, amma da ƙyar, don hankalinsa ba ya jikinsa. Da bugun ya dawo hannun Tela, hannun ƙarfen ya sauko ya jera masa, ya sunkuya ya buga. Ƙwallayen suka tarwatse ko'ina, biyu suka faɗa. Tela ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, yana buga yana salati, kamar mai tuƙa motar da birki ya tsinke. Sau ɗaya Bahago ya taɓa farar ƙwallo a wasan.

Wannan karon ihu aka yi. Masu wasa a sauran teburan suka ajiye sanduna suka zagayo.

"Sau biyu! Abincin Bahago ya shaƙe shi!"

"Kai, injin nan ba lafiya ba. A duba, ƙila Tela ne ya ɗinka masa riga."

"Ni kam ban yarda ba," in ji wani dattijo mai gadin banki, wanda ya fi kowa daɗewa a ɗakin. "Abin da zai sa Tela ya cinye Bahago ai ba abin kirki ba ne."

Bahago ya ja jiki zuwa ƙarshen teburin, wajen da ake jeri, ya zube a kan wani guntun benci da ke ƙarƙashin taga. Bai taɓa zama a nan ba. In abokin karawarsa zai yi bugun farko, shi yana can ɗaya ɓangaren yana goga alli, yana amsa gaisuwar 'yan kallo.

Yana zaune aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Hannun ƙarfen, wanda ya fara saukowa, ya maƙale a sama, yatsunsa a buɗe.

"To, ga amfaninsa nan!" aka fashe da dariya. "Yaya! Taso, an tuna da kai."

Yaya ya miƙe, ya ɗingiso da katakonsa. Aka buɗe tagogi da ƙofa don a sami haske. Bugun Bahago ne, sai ya tashi ya koma wancan ɓangaren. Ya fasa jerin Yaya da ƙarar da kowa ya sani, ya share teburin ba tare da Tela ya ajiye alli ba. Aka tafa. Ya dawo bencin ya zauna, numfashinsa ya fara daidaita.

Yaya ya sake tattaro ƙwallayen, wannan jerin na Tela ne. Daga inda Bahago yake zaune idonsa daidai yake da shimfiɗar teburin, hasken ƙofa kuma na bugowa daga can gefe. Ya ga hannayen wansa sun tura ƙwallayen gaba cikin katakon, manyan yatsu biyu suna danna su. Sai kuma, daidai lokacin ɗaga katakon, ya ga ɗan ƙaramin yatsan dama ya lanƙwashe ya ɗan shafo layi na biyu baya. Ko ƙiftawar ido bai kai ba. Da katakon ya tashi, wani siririn haske ya ratsa tsakanin ƙwallon gaba da na bayanta.

Tela ya buga da duk ƙarfinsa. Ƙarar ta fito a dakushe. Ƙwallayen suka ɗan motsa, suka buɗe kaɗan, ba wadda ta faɗa. Suka tsaya a shirye, kowacce da hanyarta, suna jiran mai bugu na gaba.

"Yawwa! Tela ya dawo hayyacinsa!"

"Bahago, taso ka kwashe kayanka!"

Bahago bai ji su ba. Irin wannan teburin ya saba tararwa. Duk ranar Allah haka yake juyowa daga goga alli ya same shi, ya ce a ransa mutanen nan ba su da hannu. Ya shiga lalube a baya, yana neman lokacin da ya daina faɗuwa. Da can ana cinye shi, shi ma yana ci, kamar kowa. Ya lalubo shekarar, ya ga ita ce shekarar da Yaya ya fara aiki.

Ya tashi ya buga don ana kallonsa. Teburin a buɗe yake, ko makaho zai ci. Da baƙar ta faɗa aka ɗaga shi sama ana kiran sunansa.

Ya sulale ta ƙofar baya, inda ake ajiye karyayyun sanduna da tsohuwar shimfiɗa. Can ya tarar da Yaya a bakin famfo yana wanke buroshi.

"Yaya."

"Ka ci abinci kuwa? Tun safe ban ga ka sa komai a baki ba."

"Tun yaushe?"

Yaya ya ci gaba da murza buroshin. Ruwan da ke zuba ya koma shuɗi saboda alli.

"Tun yaushe me?"

"Na ga yatsanka."

Hannun ya tsaya. Yaya bai juyo ba. Ya rufe famfon.

"Ranar da ka kai ni wurin Maigida," ya ce, "ka tuna abin da ya faɗa? Cewa ya yi, don kai zai ɗauke ni, tunda kai kake tara masa jama'a. To in ka daina tara jama'ar fa? Ka ɗauka zai ci gaba da riƙe gurgu?" Ya yarfe buroshin. "Kuma ai ka iya. Ni hanya kawai nake share maka."

"Tela fa? Shekara nawa ana yi masa dariya?"

"Tela yana da shagonsa."

Bahago ya dubi wansa. Wannan mutumin ne ya goya shi zuwa makaranta, shi ya saya masa injin walda na farko. Ya dubi guntuwar ƙafar, ya dubi yatsan, ɗan ƙarami, farcensa ya yi shuɗi.

Da suka koma ciki an kawo wuta, hannun ƙarfen ya ƙarasa saukowa ya koma mazauninsa. Mutanen kamfani biyu suna tsaye da akwatin kayan aiki. Maigida ya tafa hannu aka yi shiru.

"To, Bahago, kai ne gwanin gidan nan, kai ka gwada shi. Ni ban san komai ba sai abin da aka gaya mini. Abin nan ya cancanci a ajiye shi, ko a'a?"

Tela yana gefe, ya rungume sandarsa. Murnar ɗazu ta gushe daga fuskarsa, ya koma Telan da aka sani. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, buroshi na ɗiga a hannunsa.

Bahago ya ɗaga kai ya dubi injin. Rabonsa da wasa na gaskiya irin na yau tun kafin Yaya ya fara aiki.

"Ka mayar musu da kayansu," ya ce.

"Me ka gani a jikinsa?" ɗaya daga cikin mutanen kamfanin ya tambaya.

Jama'a ne suka amsa a madadin Bahago. Wani ya ce ƙugi gare shi, wani ya ce in ba wuta sai a zauna, mai gadin banki ya ce shi tun farko ya faɗa. Maigida ya ɗaga kafaɗa. Aka kawo tsani, aka kwance hannun ƙarfen, aka fita da shi.

"Saura ɗaya, Tela," in ji Bahago. "Na bar maka bugun farko."

"Haba, ka bar ni haka. Na ɗanɗana, ya ishe ni bai wa jikoki labari."

"Ɗauki sandarka."

Yaya ya ajiye buroshi, ya goge hannu a riga, ya ɗingiso da katakon. Bahago bai tafi goga alli ba. Ya tsaya a ƙarshen teburin, kafaɗarsa na gogar ta wansa. Da ƙwallayen suka shiga katakon, ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Matse su, Yaya. Kamar nawa."

Hannayen suka tsaya a kan ƙwallayen. Yaya ya ɗago ya dube shi, Bahago bai kawar da ido ba. Can manyan yatsun suka danna, ƙaramin ya miƙe ya tsaya a waje, katakon ya tashi.

Tela ya buga. Ƙarar ta cika ɗakin, har shi kansa ya ja da baya. Ɗaya ta faɗa, wata ta bi ta.

Bahago ya koma guntun bencin, ya ɗora sandar a kan gwiwoyinsa, ya zauna jiran bugunsa.