Shafi na Tara

Ni na kawo su unguwarmu Palladan, ba zan ɓoye ba. Sunana Hephzibah, shugabar Zumuntar Mata a cocinmu. Da wani kamfanin binciken magunguna ya zo neman yara masu sikila, ni na bi gida-gida har unguwar Muchia ina lallashin iyaye. Sunan 'yata Stephanie na fara rubutawa, don kada a ce 'ya'yan wasu na tura.

Dakta Lanre ne shugaban aikin. Ya ci tuwo a gidana ya fi sau ashirin, har da neman ƙarin miyar karkashi. Matan Zumunta suka raɗa masa suna Ɗangida. Shi ya sa ranar da ya miƙo takardar amincewa, shafi goma sha biyu cikin Turanci, ban karanta ba. Na iya karatu sarai, malamar firamare ce ni. Amma a wajenmu, wanda ya sa hannu a kwanonka ba ka bin takardarsa layi-layi a gabansa, cin fuska ne. Na sa hannu, sauran mata suka bi.

Mutanen kamfanin suka haƙa mana rijiyar burtsatse, suka raba gidan sauro. Maganin kuma ya yi aiki, ba zan yi musu ƙarya ba. Shekara uku Stephanie ba ta kwanta a asibiti ba. Yarinyar da sanyin damina ke naɗewa kamar tabarma, sai ga ta tana waƙa a coci har da rawa.

Wata Litinin muka je ofishinsu na Samaru, ni da ita, karɓar maganin wata. Muka tarar ana loda firji a mota.

Na ce, "Ɗangida, lafiya?"

"Mama, bincike ya ƙare. An yi nasara."

"Madalla. Ina maganin Stephanie?"

Ya sunkuyar da kai. "Yana shafi na tara na takardar da kika sa wa hannu, Mama. In an gama bincike, magani ya tsaya. A ƙasar waje za a fara sayar da shi."

"Yaushe zai iso Zariya?"

"Ban sani ba. Ki dinga ba ta ruwa da yawa."

Ban zage shi ba, kuma har yau ina nadamar hakan. Abin da ya fi ƙona min rai, da Hausar da ya koya a tsakar gidana ya faɗa min.

Bayan sati shida ciwon ya dawo, ya kama ta a gwiwa da baya. Na zagaye kantunan magani na unguwar PZ da kwalin maganin da ba komai a ciki, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Gaisuwar matan Zumunta dai ta gajarta.

Yanzu kullum da safe ina bin layi a burtsatsen. A jikin tankin akwai allon kamfanin, da hoton Stephanie tana dariya. Nakan cika jarka in kai mata. Jiya ta karɓi kofin, ta ce, "Mama, kin karanta shafin yanzu?"

Na ce, "Na ma haddace shi. Sha ruwanki."