Kabarin Shamuni a Ankawa

"Ƙara mini kwana biyu, ɗana," in ji Yalda, ya riƙe hannun rigar mai kula da ɗakin gawa.

"Baffa, jiya ma haka ka ce. Wurin ya cika, wasu na jira."

Shamuni, matarsa, mako guda ke nan tana cikin sanyin nan. Tun daren da mayaƙa suka kore su daga ƙauyensu na filin Nineba zuwa garin Ankawa, Yalda ya yi mata alkawari: ko a kafaɗa sai ya mayar da ita gida, kusa da kabarin uwarta. Hanya kuwa har yau a rufe take.

A bakin asibitin ya tarar da Abuna Mikha, limamin cocinsu, yana jiransa. Yalda dikon ne, mai taimaka wa limami a coci, taurin kansa ba wanda bai sani ba.

"Abuna, da bakina na karanta wa jama'a maganar Annabi Irmiya. Ubangiji bai ɗora wa sarkin Babila laifin ba, cewa ya yi shi da kansa ya kori mutanensa daga ƙasarsu. To mu ma shi ne? Me Shamuni ta yi, ban da gasa gurasa da azumi?"

"Ban sani ba, Yalda."

"Kai da gemun nan naka?"

"Gemu ne kawai. Abin da na sani, hannun da ya fitar da su shi ya ce su gina gidaje a can, su dasa itatuwa."

"Bai ce su binne matansu ba."

"Shekara saba'in fa suka yi a can. A ina kake tsammani suka sa matattunsu?"

Yalda ya juya ya koma ɗakin gawa. Ya ce a shirya ta.

Da la'asar aka kai ta sabuwar maƙabartar bayan gari. Masu haƙa sun tsara ramin yadda aka saba: kai a yamma, ƙafafu a gabas, domin ranar tashi mamaci ya miƙe yana fuskantar zuwan Almasihu. Yalda ya dubi rana, ya dubi ramin.

"Ku juya ta. Ƙauyenmu yana yamma. Haka za ta tashi ta ba gida baya."

Masu haƙa suka dubi Abuna. Shi kuwa ya miƙa wa Yalda kaskon turare, don aikin dikon ne.

Yalda ya karɓa, ya daɗe tsaye. Mutum nawa ya raka kabari a rayuwarsa, bai taɓa juya ko ɗaya ba.

"Ku bar ta," ya ce.

Ya durƙusa a bakin ramin, ya rage murya.

"Ki yi haƙuri, Shamuni. In kin ga Ubangiji, ke ki tambaye shi dalili."