Kwamfutar Pitowa

Pélagie ta sake danna maɓallin, allon ya sake ƙin buɗewa. A waje, manoma sun jingina da buhunan audugarsu suna leƙo ta taga. Ɗakin awon ba shi da fanka, ga rufin kwano, gumi har cikin takalminta.

Ita ta rubuta manhajar awon audugar ƙungiyar manoman Pitowa. Shugaban, Malam Abdussalam, ya yi mata alkawari: ranar da manhajar ta fara aiki, za a mayar da ita ofishin Garuwa, inda mijinta da 'yarta suke. Ta gaji da ganinsu ranar Lahadi kawai.

"Madam, jiya a gabana ya yi aiki," in ji Malam Abdussalam.

"A kan tawa kwamfutar, Shef."

Tana faɗa, ta gano matsalar. Manhajar da ke haɗa aikin kamar tela take, wanda ya tsaya gabanta shi take aunawa. Takan tambayi kwamfuta irin ƙwaƙwalwar da ke cikinta, ta ɗinka daidai da ita. Pélagie ta haɗa aikin a kan sabuwar kwamfutarta, ta kawo wa wannan tsohuwa mai nishi rigar da ba tata ba.

Akwai hanyar haɗa wa wata kwamfuta daga nesa, amma sai ta sauko da kaya daga intanet, wayarta kuwa ko sandar sabis ɗaya babu. Sai ta kwafe aikin cikin tsohuwar, ta sa aka haɗa shi a nan. Injin ya yi ta gurnani, wani dattijo a taga yana ta tambaya ko a koma wa biro da takarda. Can allon ya buɗe. Aka ɗora buhun farko, nauyinsa ya fito.

"Useko, Madam!" manoman suka yi godiya da Fulatanci, suka ɗauka da tafi.

Malam Abdussalam ya washe baki. "Me kika yi mata?"

"A kanta na haɗa. Kowane gyara, sai an zauna gabanta. Amma da intanet mai ƙarfi, daga Garuwa ma..."

Bai ji ƙarshen ba, ya riga ya kara waya a kunne, yana kiran ofishin Garuwa.

"Allo, Hubert? Kujerar nan ta Garuwa, ku ba Luc. Injinmu ba ya jin maganar kowa sai Madam."

Ya juyo yana murmushi. "Gobe zan sa a kawo miki fanka."