Shinkafa Mudu Biyu

Jakar ta sake suɓucewa daga hannun Falmata tana saukowa daga motar Abuja a tashar Lafia. Ba ta ji fitarta ba, ƙarar faɗuwarta kawai ta ji. Ta tsaya tana kallon yatsunta kamar na aro. Watanni ke nan da gama ƙarin ruwan kemo, sumar kanta har ta fara tsirowa, amma yatsun nan sun ƙi dawowa. Kullum kamar ta sa safar hannu mai kauri, tafin ƙafa kuwa kamar auduga take takawa. Ga ƙirjinta na hagu, inda na'urar asibiti ke gasawa daga Litinin zuwa Juma'a don ƙone sauran ciwon dajin, ya saɓule, riga ma in ta taɓa shi sai ta cije leɓe.

Duk da haka yau ranta fari ƙal. Gobe Asabar sunan jikarta ta fari.

"Mama! Sannu da zuwa, ka dawo?"

Torkuma ne, mai keke ɗan unguwarsu, wanda a Hausarsa mace da namiji duk "ka" ne. Ya ɗauke jakar, ya taimaka mata ta shiga, suka hau titi.

"Jiya mun ci shinkafa a gidanka," in ji shi yana kauce wa wani ɗan acaɓa. "Har na kai wa yara. Me ya sa ba ka zo ba?"

"Wace shinkafa kuma?"

"Na suna mana. Rago babba, wallahi."

Falmata ta yi dariya. "Kai dai ciki ya ruɗe ka. Gobe ne suna, ɗan nan."

Torkuma ya dube ta ta madubi. Sai ya ƙara ƙarar rediyo.

Ranar Asabar da ta wuce mijinta Mala ya buga mata waya tana kwance a gidan ƙaninta a Mararraba, inda take zama saboda zuwa asibiti. A ƙarshen makon ba ta iya zuwa gida yadda ta saba ba, ƙunar ta yi tsanani. Ya ce, "Albishirinki, Zahra ta sauka yau, mace." Ta yi guɗa har ƙirjin ya tsaga mata. Zahra ce 'yarta mace tilo, kuma a ɗakin Falmatar take goyon ciki. Haihuwar Asabar, suna Asabar. Ta ce Allah ne ya tsara mata, ranar da babu gashi.

Ranar Litinin ta tare likita a bakin ƙofa ta tambaye shi ko wutar na'urar nan tana bin mutum gida, ko za ta cuci jariri. Ya ce ko kaɗan, da an kashe na'ura shi ke nan, ta ɗauki jikarta ta goya ma in tana so. Saura yatsu. Falmata ta san halinsu, sun fasa mata kofuna ba adadi, sun taɓa sakin fulas ɗin ruwan zafi a kan ƙafarta, ba ta ma san ta ƙone ba sai da Zahra ta yi ihu. Don haka ta sa aka auno mata shinkafa mudu biyu, ta ƙulle a leda, ta naɗe da tawul. Kullum in ta dawo daga gashi, duk gajiyar nan da ke sa mutum ya ji kamar an zare masa laka, sai ta rungumi ƙullin ta yi ta zagaya tsakar gida. Ta gano dabarar: ba da yatsu ba, da dantse ake riƙewa, a bar nauyin a gwiwar hannun dama, nesa da ƙunar. Matar ƙaninta tana dariya tana cewa, "Yaya, wannan jariri naki ba ya kuka." Ko sau ɗaya ƙullin bai faɗi ba.

Keke na tsayawa a ƙofar gida ta ga kujerun haya an jera su bisa juna, ana jiran mota. A jikin katanga ga fatar rago an shanya, an barbaɗe ta da gishirin garin Keana, ƙudaje na bi. Ta riga ta fara bushewa. Falmata ta daɗe tana kallon fatar nan. Ba ta san lokacin da Torkuma ya ajiye jakar ya sulale ba.

A tsakar gida Juwairiyya, ƙanwar Mala, tana kankare manyan tukwane. Tana ɗaga kai soso ya faɗi daga hannunta.

"Lah! Yaya, ke ce da rana haka? Ai mun zaci sai dare."

"Da dare fatar rago ba ta ganuwa, ko?"

Mala ya fito daga ɗaki yana gyara hula. Mutum ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma yau ma ƙasa yake kallo.

"Sannu da hanya. Ki shiga ki huta tukuna."

"Malam, yaushe yarinyar nan ta haihu?"

Ya yi gyaran murya. "Alhamis ta wancan makon."

"Ka ce min Asabar."

"Na ce."

"Da bakinka, Malam! Na yi guɗa, kana ji na."

A cikin gidanta, a tukwanenta, aka tara mata aka yi sunan jikarta, har mai keke ya ci ya kai wa 'ya'yansa, ita kuwa tana can tana rawa da shinkafa. Ta juya kan Juwairiyya, don tun fara gashin nan ta lura matar ba ta shan ruwa a kofin da ta sha.

"Ke ce. Ke kika ce musu wuta nake ɗauke da ita. To na tambayi likita, ba jahilci nake bi ba!"

"Wallahi Yaya, ni dai na faɗi abin da na ji ana faɗa, amma ba ni na..."

"Mama."

Zahra ce a bakin ƙofar ɗaki, da ɗaurin ƙirji, fuska ta yi jawur da ruwan jego, idanu sun kumbura.

"Ba Gwaggo ba ce. Ni na roƙi Baba."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Falmata ta nemi abin dafawa, hannunta ya sauka a kan turmi, ba ta ji shi ba.

Ta bi Zahra ɗaki. Ɗakinta ne, gadonta ne, sai ƙamshin turaren wutan da ita da kanta ta haɗa ta ajiye tun cikin yana wata biyar. A da da hancinta take cin abinci, duk amaren unguwa wurinta suke sayen turare. Yanzu ƙamshin tayar mata da zuciya yake, amma ta daure.

"Faɗa min," ta ce.

"Mama, na san ki. Da kin ji, barin asibiti za ki yi ki taho, kuma sun ce kada ki tsallake ko rana ɗaya. Ki zo ki tsaya kan wuta, ki shiga cikin mutane, wannan tari wancan atishawa."

"Shi ke nan?"

Zahra ta sunkuyar da kai. "Da kuma fulas ɗin nan. Kullum na rufe ido sai in ga..."

"Sai ki ga na saki 'yarki a ƙasa."

Zahra ta kau da kai, Falmata ta ci gaba.

"Da kin ce min, Mama zauna, da na zauna. Da kin ce kalla daga nesa, da na kalla. Ni na wanke ki, ni na goya ki har bayana ya goge. Ciwo ya ci min nono, ya ci min suma, ya ci min hannu, duk ban yi kuka a gabanku ba. Ashe har kun gama da ni, kuna ta yi min sannu a waya."

"Sunanki muka sa mata, Mama. Falmata."

Ta faɗe shi da sauri, kamar mai miƙa ruwa ga wanda ya ƙware. Falmata ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Madalla. Kun yi madadi tun mai sunan tana numfashi."

Zahra ta fashe da kuka, kukan ya tashi jaririyar. 'Yar mitsitsiya ce, baƙar suma kwance luf, tana wutsil-wutsil cikin tawul. Duk fushin Falmata bai hana ƙirjinta amsawa ba. Ta zauna a bakin gado, ta gyara gwiwar hannun dama yadda ta saba.

"Miƙo ta."

Zahra ta ɗan yi jim, sannan ta durƙusa a gabanta ta ɗora mata. Nauyin ya zauna daidai inda shinkafar take zama, sai dai wannan da ɗumi, kuma yana motsi. Amma hannayen Zahra suna nan a ƙasa, sun tallafe nata.

"Cire hannunki."

"Mama..."

"Na ce ki cire."

"To."

Falmata ta lumshe ido. Ta kwantar da kuncinta a kan sumar yarinyar, don kunci dai bai mutu ba. Ta jijjiga ta a hankali, tana yi mata 'yar waƙar da ta yi wa Zahra tana jaririya, har kukan ya koma ajiyar zuciya. Ga shi nan, ita kaɗai, babu ko girgiza. Ta so a ce Mala da Juwairiyya da duk matan jiya suna tsaye suna kallo.

Ta buɗe ido don ta ce wa Zahra, kin gani?

Hannayen suna nan inda suke, tafukan biyu manne da bayan nata. Ko an cire an mayar, ko ba a taɓa cirewa ba, Falmata ba ta sani ba. Ba ta ji su ba.

Zahra ta ɗago tana jiran faɗa. Falmata ta dubi hannayen, ta dubi fuskar 'yarta, ba ta ce ta cire ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta mayar da kuncinta kan yarinyar.

"Akwai shinkafa a jakata," ta ce can. "Ki ba Gwaggonki ta dafa."